Bututun sabuwar bindigata ya jingina da katako ta hagu: in goge ko in mayar?

Manomin Kujama

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙarfe da katako, don abin nan ya fara hana ni sukuni.

Bindiga ce mai sakata, irin wadda za ka ɗaga hannun sakatar ka ja baya ka tura bayan kowane harbi, mai cin harsashi .243. Ƙotarta ta icen walnot ce, bututun siriri, tsawonsa inci 22. Ta hannun dila mai rajista na saye ta, kuma da lasisina, in faɗa tun yanzu kafin wani ya tambaya. Ta yi damina guda cur a ma'ajiyar makamai cikin kwalinta kafin takardu su kammala, sai a watan Oktoba ta zo hannuna. Gonata tana hanyar Kachia a jihar Kaduna, gaba da Kujama kaɗan, aladun daji ne kuma suka sa na saye ta. Duk wanda ya taɓa shuka rogo a wajen nan ya san abin da garke ɗaya ke yi wa kunya goma kafin gari ya waye.

Tun ranar da na buɗe kwalin na lura bututun bai zauna a tsakiyar kwarin katakon ba, ya ɗan fi kusa da hagu. Ban damu ba, domin na zura takardar naira 200 a ƙarƙashinsa ta wuce sumul tun daga baki har gindi. Na ɗaura madubin saiti, na kafa kwali a jikin wani tudu a ƙarshen gona, mita 100. Harbi uku, gindin kofin shayi ya rufe su. Na dawo gida ina ta murna.

Yanzu ga mu cikin Janairu, hunturu ya kankama, labari ya sha bamban. Takardar ba ta wucewa kuma. Tana shiga kamar faɗin yatsa biyu daga bakin katakon sai ta cije ta hagu, in ka matsa ta yage. Ta dama kuwa har takarda mai kaurin ta kwalin ashana za ta shiga. In na ɗaga bindigar saitin hasken taga ina ganin layin haske ta dama, ta hagu baƙi ƙirin. A wurin harbi, na farko yana sauka kamar yatsa uku dama da inda na saita a Oktoba, na biyu kusa da shi, daga na uku sai su fara tafiya dama da sama, kowane ya fi na bayansa nisa. In na bar ta ta huce sai ta koma inda ta faro. In na ɗora gaban ƙotar kan buhun yashi wuri daban, in na riƙe da hannu wuri daban. Ban taɓa kunce ko noti ɗaya ba, ba ta taɓa faɗuwa ba. A ɗaki take, jingine a lungun durowa.

Maƙwabcina ya ce in naɗa samfefa a jikin sanda in goge gefen hagun, aikin minti goma ne. Zuciyata ba ta kwanta da haka ba, don abin da ka goge ba ya dawowa, kuma dilan ba zai karɓi bindigar da aka taɓa ba. A ɗaya ɓangaren, mayar da ita na nufin wata tafiya da wasu takardu da jira, rogo kuma ba ya jira. Harsashi ma ba arha ba, ba zan iya ta zubar da shi ina gwaji ba.

To katakon ne ya karkace, ko bututun ne aka ɗaura a karkace tun daga kamfani? Yaya zan bambance?

Baba Sajan

Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye samfefar nan tukuna. Na yi shekaru ina kula da makamai kafin in yi ritaya, kuma mafi yawan bindigogin da aka kawo mini da wannan kuka, ba ice ba ne ke buƙatar sassaƙa, zama ne bai yi daidai ba.

Noti biyu ne ke haɗa ƙarfen da ƙota, ɗaya a gaban gidan harsashi, ɗaya a bayan kunama. An ɗaure su a kamfani lokacin da icen ke da ɗanshinsa. Ta sha damina, sannan ka kawo ta cikin iskar da ke fasa leɓe. Ice in ya bushe tsukewa yake yi, notin da ke matse da shi jiya sai ya saki yau. Da ya saki, kowane shuri na bindigar yana ɗan gusar da ƙarfen a cikin kwancinsa. Gusawar da ido ba ya gani a gindi, kafin ta kai bakin katako ta zama abin da kake gani.

Ga abin da za ka yi. Cire gidan harsashi, zare sakatar gaba ɗaya, leƙa ciki ka tabbata babu komai. Kafin ka kunce, ɗora ɗan yatsa a bakin katakon yadda zai taɓa ice da bututu tare, sannan ka sassauta notin gaba a hankali. In ka ji bututun ya motsa a yatsanka, to ƙarfen a tanƙware yake zaune, notin ne ke danne shi dole. Riƙe wannan a ranka. Sai ka fitar da duka biyun, kada ka haɗa su, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, in dogon ya shiga inda ba nasa ba yana iya tokare sakata. Ɗaga ƙarfen ka duba kwancin. Nemi ɓurɓushin katako, ko ɗigon fenti da ya daskare, ko wurin da ya yi sheƙi saboda guga. Duba notin maratayi na gaba, wani lokaci yakan yi tsawo ya ɓullo cikin kwarin ya taɓa bututu. Duba akwatin da gidan harsashi ke shiga: ya kamata ya ɗan yi wasa, in ya matse tsakanin ƙarfen sama da na ƙasa, to a kansa bindigar ke zaune, ba kan ice ba.

Wajen mayarwa nan ne aikin yake. Akwai wani haƙorin ƙarfe da ya sauko ƙasa a inda bututu ya haɗu da gidan sakata, shi ke tare shuri. Dole bayansa ya manne da ice. Saka notin biyu sako-sako, tsayar da bindigar kan gindinta bakinta sama, ka ɗan dunguri ƙasa da ita sau ɗaya ko biyu don haƙorin ya zauna. Naɗa takarda ninki huɗu a bututun wajen bakin katako don ta riƙe shi a tsakiya. Ɗaure na gaba kaɗan, na baya kaɗan, ka koma na gaba ka gama da shi, sannan na baya. Zare takardar. Kafin ka sa harsashi, ja sakatar ka gani ko tana tafiya lafiya, ka sa makullin kariya ka ja kunama ka tabbata bai saki ba.

Yi wannan ka dawo ka gaya mini abin da ka gani a cikin kwarin.

Kafinta na Tudun Wada

Baba ya yi magana, Allah ya ƙara girma. Amma ni dai, Malam, abin da ka faɗa na katako ne, kuma katako sana'ata ce. Ƙofar da na rataya a watan Fabrairu, in Agusta ya zo sai an sa kafaɗa kafin ta rufu, in hunturu ya dawo har ƙadangare ya bi ta ƙarƙashinta. A garin nan ɗanshin iska yakan haura kashi 80 cikin 100 a tsakiyar damina, ya faɗo ƙasa da 20 da ranar hunturu. Babu icen da zai ga wannan bai motsa ba.

Abin da mutane ba sa lura da shi: kamfanoni da yawa suna shafe wajen ƙota ta yi kyau, su bar cikin kwarin da kwancin ƙarfe tsirara ko da shafa ɗaya. Ke nan ciki na shan iska yana fitarwa, waje a rufe. In kuma jijiyar icen ba ta miƙe sosai ba, sai gaban ƙotar ya lanƙwasa gefe guda. Ka duba jijiyar daga ƙasa, in ka ga ta karkata ta fita ta gefe maimakon ta bi tsawon ƙotar, ka san inda matsalar take.

In ta kai ga guga, ba da ka ake yi ba. Ka shafa janbaki ko kunkunniyar fitila a ƙasan bututun da gefensa, ka mayar ka ɗaure, ka sake kuncewa. Inda ya bar shaida a ice nan kaɗai za ka taɓa. Samfefa mai lamba 120 a naɗe a jikin sanda mai kaurin bututun, ka gama da 220. Ka bar leɓen kwarin na sama, don in ka cinye shi zai yi muni har abada. Bayan nan dole ka rufe icen, da dafaffen man linsid ko banish marar kauri, shafa biyu ko uku, kowace ta bushe kafin ta gaba. Kada wani ya ce maka man gyaɗa, ba ya bushewa, ɗoyi zai yi. Baƙin mai kuwa laushi yake sa ice, shi ya sa tsofaffin bindigogi ke yin baƙi suna rugurgujewa a bayan kunama. Tsumman da ka shafa linsid da shi ka shanya shi a waje a buɗe, in ka dunƙule shi ka jefa a lungu yana iya kama wuta da kansa.

Injiniya A.

Bari in sa lissafi a ciki don ka ga dalilin da ya sa ɗan abin nan ke da tasiri. Inci 22 kusan santimita 56 ne. In ice ya ture bakin bututun da kashi uku cikin goma na milimita ɗaya, wato kaurin takardar kuɗi uku, a mita 100 harsashin zai kauce da fiye da santimita 5. Yatsunka uku ke nan. Kuma ice ta hagu yana tura ƙarfe dama, daidai inda ka ce harbinka ke zuwa. Ga zafi: siririn bututun .243 yana ɗumama da wuri, yana buɗewa, matsin yana ƙaruwa daga harbi zuwa harbi. Sannan kowane harbi bututu karkarwa yake yi, in yana bugun ice ta gefe guda, karkarwar ba za ta zo iri ɗaya sau biyu ba.

Kan tambayarka ta ko bututun ne aka ɗaura a karkace: abu ne da ke faruwa amma ba kasafai ba, kuma labarinka bai nuna shi ba. Ƙarfe ba ya sauya hali tsakanin Oktoba da Janairu. Duk da haka gwajin kyauta ne. Juya maɓallin hagu da dama na madubin har ƙarshe, ƙirga ƙas-ƙas ɗin zuwa ɗaya ƙarshen, dawo rabi. Zare sakata, kafa bindigar kan buhuna, leƙa ta cikin bututun ka saita wani abu a mita 50, sannan ba tare da ka motsa ta ba ka leƙa madubin. In sun yi kusa, ƙarfenka lafiya. In sai ka kusa ƙure maɓallin kafin su haɗu, fara zargin ƙafafun madubin, in su ma lafiya suke to wannan ta kamfani ce, babu samfefar da za ta gyara ta.

Wajen ɗauri, duba littafin da ya zo da ita ka bi adadinsu. A ƙotar ice zalla yawanci bai wuce 3.5 zuwa 4 Nm ba (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), masu kwancin alminiyom ne ke kaiwa wajen 7. Notin tayar mota ya haura 100, don haka kada ka ba wa bakanike ya ɗaure maka da hannun da ya saba. In ka wuce ƙima murƙushe icen za ka yi, daga nan kuma ba zai sake riƙe ɗauri ba.

Wani abu kafin kowa ya goge komai: akwai kamfanonin da da gangan suke barin ɗan tudu a bakin kwarin don ya tallafi siririn bututu daga ƙasa. Wannan ba aibi ba ne, wasu bindigogin ma sun fi harbi da shi. Taka tunda takarda ta wuce a farko, ba irinsu ba ce. Na faɗa ne saboda wani mai karatu.

Maganin da ke daɗewa shi ne a zuba wa ƙarfen kwanci na gam mai haɗi biyu a wajen haƙorin da bayan kunama, a sa 'yan bututun alminiyom a ramukan noti don ƙarfe ya matse ƙarfe. Ana shafe ƙarfen da man takalmi marar launi don kada gam ɗin ya kama shi, a toshe kowane rami, a bar shi kwana guda. Wanda ya manta lungu ɗaya bai shafa ba ya haɗa ƙarfe da ƙota auren da babu saki. Ba aikin koyo ba ne a kan sabuwar bindiga.

Malam Na Kawo

Ni ba gwani ba ne, tunatarwa kawai zan yi. Dokar makamai ta 1959 ba mallaka kaɗai ta tsara ba, har da gyara. Bindiga irin taka tana cikin rukunin da lasisinsa ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma mai sana'ar gyara ta sai da izini. Saboda haka in abin ya wuce kunce noti da shafa mai, kada ka naɗe ta a buhu ka nufi Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna. Sun iya aiki, ba musu, amma a halin da jihar nan ke ciki ba ka son a tare ka a shinge kana bayanin inda za ka da ita. Ka ɗauki hoton gibin nan ta sama da takardar a maƙale, ka tura wa dilan yau, ko da ba za ka mayar ba. Ya zama akwai shaida tun kafin ka taɓa ta.

Manomin Kujama

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam Na Kawo, na tura hoton kafin in ɗauki sukudireba.

Baba, ranka ya daɗe, ga abin da na tarar. Notin gaba ko ƙarfi ban sa ba ya juya, kamar da yatsa aka ɗaure shi. Na baya kuwa sai da na dage. Da na sassauta na gaban ban ji motsi a yatsana ba, wataƙila don dama bai riƙe komai ba. Da na ɗaga ƙarfen, cikin kwarin fari fat, ko ɗigon mai babu, yadda Kafinta ya faɗa. Ta hagu kusa da baki akwai wani layi mai sheƙi, tsawonsa kamar yatsa huɗu, har bututun ya ɗan goge baƙinsa a daidai wurin. A ramin haƙorin na zaro wani ɗan siririn ɓawon katako, bai kai farce ba, a maƙale ta gefen dama na bangon baya, ya lotse saboda duka. Notin maratayi bai ɓullo ba. Akwatin gidan harsashi yana wasa.

Na share ramin da tsohon buroshin haƙori, na mayar yadda ka ce, tsaye kan gindi, da takarda ninki huɗu. Littafin ya ba da adadi, wani abokina mai gyaran injin ɗinki ya ara mini ɗan sukudireba mai awon ɗauri. Yanzu takardar kuɗi ɗaya tana wucewa har gindi. In na ninka ta biyu tana ɗan ja ta hagu a wurin sheƙin nan. Da ido har yanzu hagun ya fi ƙunci, amma akwai haske ta kowane gefe. Gwajin Injiniya ma na yi, maɓallin bai yi nisa da tsakiya ba, hankalina ya kwanta ta wannan fuskar.

Na harba biyar a mita 100, ina barin ta ta ɗan huce tsakani. Huɗu sun taru, tafiyar nan zuwa dama ta daina. Ɗaya ya fita ƙasa, wannan nawa ne, na ji lokacin da na fizgi kunamar. Dilan ya amsa cewa in ina so in kawo su duba, amma bai yi alkawarin canji ba tunda tana harbi daidai.

Saura tambaya ɗaya. Jijiyar icen ta ɗan karkata, na duba. In shafe cikin kwarin yanzu, ko in ɗan rage hagun tukuna sannan in shafe?

Kafinta na Tudun Wada

Ni da tawa ce zan rage kaɗan yanzu, har takarda ninki uku ta wuce, in shafe. Ice ya kai ƙarshen bushewarsa a wannan wata, inda ya tsaya yau nan ne iyakar karkatarsa ta wannan gefen.

Baba Sajan

Kafinta, a nan mun rabu. Ba mu san inda zai nufa ba in ruwa ya sauka. A Oktoba da ɗanshi a jikinsa takarda ta wuce, ƙila in ya sha iskar damina ya koma dama da kansa, ka ga an yi guga a banza an bar gibi.

Ɗana, shafa man kawai, siriri, har cikin ramin haƙori da ramukan noti da ƙarƙashin robar gindi, don ta kan jijiya ice ya fi shan ruwa. Ka goge abin da ya taru, kada ya yi tudu a kwancin. Ya bushe sarai kafin ka mayar da ƙarfen, sannan ka sake saiti, don duk kuncewa tana iya gusar da shi. Ka daina jingine ta a lungu nauyinta na kan gaban ƙota, kuma kada ta yini a but ɗin mota. Rubuta a takarda ninki nawa ke wucewa ta hagu, nawa ta dama, ka sa a cikin kwalin. Ka sake aunawa a ƙarshen Mayu da tsakiyar Agusta, kana duba ɗaurin notin kowane lokaci. In a Agusta ninki biyu bai wuce ba, ka zo da lasisinka in haɗa ka da mai izinin gyara ya zuba mata kwancin da Injiniya ya faɗa, a yi gugar a lokaci guda.